An ƙara wa ranar makaranta tsawo, ramukan tsakiya suna nan

Shagona yana Garwa, bakin titin da 'yan lise, wato 'yan makarantar sakandare, ke bi in an tashe su. Shekara 11 ke nan ina zaune a shagon nan bayan keken ɗinki, kuma ban taɓa buƙatar agogo da rana ba. Da na ga 'yan teni, wato masu kayan makaranta, sun cika titi, masu kilando, babur ɗin haya, suna ta danna hon, na san uku da rabi ta gota, sai in ajiye almakashi in je in yi alwalar la'asar. Bana agogon nawa ya rikice. Ƙananan azuzuwa suna wucewa a kan lokacinsu, amma 'yan ajin jarrabawa sai rana ta yi ja, wata rana ma ladan ya fara gyaran murya, sannan za ka hango su suna jan ƙafa bibbiyu. A cikinsu akwai tawa.

Ba zan kama sunanta ba, 'yar fari ce. Ƙannenta Yaya suke ce mata, mu ma muka bi bakinsu. Tana ajin firamiyar, ɓangaren D na 'yan kimiyya, kuma a watan Yuni za ta zauna furobatuwar. 'Yan'uwanmu na Yola da Kano da ke karanta ni, ku yi haƙuri da waɗannan sunaye, bari in warware muku. A nan Kamaru, a tsarin Faransanci, sakandare shekara 7 ce. Huɗun farko, daga siziyem zuwa turwaziyem, ana rufe su da jarrabawar BEPC. Daga nan sai sagond, firamiyar, tarminal. A ƙarshen firamiyar furobatuwar ke tsaye, wanda bai haye ta ba ba zai taka tarminal ba, balle ya ga takardar bak, jarrabawar kammala sakandare, da idonsa. Ku can shekara 6 kuke yi, babbar ƙofarku ɗaya ce a ƙarshe, a samu kiredit 5 har da Turanci da lissafi. Mu ƙofa uku gare mu, kowace da mai gadinta.

Ni ta tsakiyar ce ta tare ni. Na zauna furobatuwar a 1998, na faɗi. Na sake a 1999, na sake faɗuwa. Ranar da sakamako na biyu ya fito ban koma gida ba sai bayan isha'i, ina zaune a bakin kogin Binuwai ina kallon masu wanki suna kwashe shanya. Da safe kawuna ya nuna mini keken da babu kowa a kai, ya ce, "Ɗana, wannan ba ta kayar da mutum sau biyu." Daga ranar nake ɗinki. Ban yi da-na-sani ba, da allura na yi aure, da ita na gina ɗaki. Amma duk wanda ya ce maka maganar jarrabawar nan ba ta taɓa ni, ƙarya yake. Saboda haka ku auna abin da zan faɗa da wannan mudun.

Tushen maganar sakamakon bak na 2024 ne. A 2023 kashi 75 da ɗoriya cikin ɗari na masu zana bak na gama-gari suka ci. Shekara ɗaya tal, a 2024, aka wayi gari da kashi 37. Ba yaran ne suka daƙiƙance cikin wata 12 ba. Abin da ya canza shi ne wurin da aka ja layi. Makinmu a kan 20 yake, rabi shi ne 10, amma shekara da shekaru masu zaman deliberasiyon, wato masu tantance maki bayan an gama gyaran takardu, sukan sauko ƙasa da 10 su tsamo waɗanda suka kusa. A 2024 ma'aikatar ilimin sakandare, ƙarƙashin minista Nalova Lyonga, ta tsaya a kan 10 ɗin, ba ragi. Garwa ta yi tsit a makon nan. A layinmu kaɗai gida uku aka sayo lemo da naman walima, aka ƙare da rabar da shi a ɓoye ga maƙwabta.

In kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Da aka koma makaranta a watan Satumba, kowane furobizar, wato shugaban makaranta, yana jin zafin wuta a ƙeyarsa, don ana jera makarantu ne bisa yawan waɗanda suka ci, kuma ba mai son ganin sunansa a wutsiya. Wata Asabar a watan Oktoba aka kira mu taron ƙungiyar iyaye da malamai, APEE. Aka fito da benci ƙarƙashin dalbejiya. Shugaban makaranta yana magana da Faransanci, wani dattijo yana juyawa zuwa Fillanci, mu 'yan Hausari muna gefe guda muna juya wa juna abin da ya kuɓuce. Shawararsa gajera ce: 'yan turwaziyem da firamiyar da tarminal, ranar Litinin da Talata da Alhamis ba za su tashi 3:30 ba, sai 5:30. Ranar Asabar su zo daga 8 zuwa 12. Awa 10 ke nan a mako a kan abin da aka saba. Kowane yaro jaka biyu a wata, don a ɗan sa wa malamai kuɗin mai.

Hujjarsa kuma ba ta banza ba ce, dole in faɗi gaskiya. Ya ce, yawancin yaran nan in sun koma gida ba tebur, ba fitila, ba mai tambayarsu me aka koya yau. Namiji ya ajiye jaka ya nufi ƙwallo ko ya karɓi babur ɗin yayansa, mace ta ajiye jaka ta ɗauki bokiti. Da rani in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, wuta sai ta yi ta wasan ɓuya, unguwa guda ta kwana a duhu. Ya ce, ku bar mini su da hasken rana, shi ne fitilar da ba a ɗaukewa. Wani alhaji cikin babbar riga ya miƙe ya ce yaron da ba ya aji yana titi, aka yi tafi. Wata mata daga baya ta ɗaga murya ta ce, "To me za su ci?" Aka yi dariya, wani ya ce ilimi za su ci. Da aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, nawa yana cikin na farko. Ina tuna bakin Binuwai a lokacin. Na ce a raina, da an riƙe ni har 5:30 a 1998, wataƙila da yanzu wani ne ke ɗinka mini riga.

Mako uku da farawa, na shigo gida bayan magariba na tarar da Yaya ta yi barci a kan sallaya, ko hijabi ba ta cire ba, tuwonta a rufe a gefe. Uwarta ta ce haka take yi kullum yanzu. Na tashe ta ta ci, ina zaune ina kallonta, na ce, "Karatu ya yi nauyi ko? Daure, wata takwas ne."

Ta ce, "Baba, ba karatun ba ne. Zaman ne."

Na ce wane zama.

Ta ce, "Yau tun ƙarfe 10 ba wanda ya shigo mana. Muna zaune har 3:30. Sannan malamin lissafi ya zo ya yi na yamma."

"Shi ba shi da awa da safe?"

"Yana da ita. Awa biyu, 10 zuwa 12. Bai zo ba."

Ban ce komai ba. Da safe na ciro sabon littafin awo, irin wanda nake rubuta ƙirji da kafaɗa da tsawon hannu, na ja layuka da rula, na ba ta. Na ce kowace awa da ke kan jadawalinku, in malami ya shigo ya koyar ki sa alama, in bai shigo ba ki bar gurbin, in kin ji dalili ki rubuta a gefe. Kar ki nuna wa kowa, kar ki rubuta sunan kowa, darasi kawai. Tela ba ya yanka sai ya auna, kuma ni na riga na yi kuskuren ɗaga hannu ban auna ba.

Mako huɗu ta yi tana cikawa, duk watan Nuwamba. Jadawalinsu na asali awa 33 ne a mako, daga 7:30 zuwa 3:30, Laraba a tashi da azahar. Sau huɗu, 132. Na zauna da daddare da tocilan waya na ƙirga guraben da ba alama: 31. Kusan awa 8 a kowane mako. Na sake ƙirgawa don kar in zalunci kowa, 31 ɗin dai. Wato mun biya kuɗi an ƙara awa 10 a gefen rana, alhali awa 8 suna zubewa ta tsakiyarta. In mutum ya kawo mini riga ta yage a ciki da baya, ya ce in ƙara mata ƙyalle a ƙasa ta yi tsawo, zan karɓi kuɗinsa in yi, amma in ya fita sai yarana na shago sun yi masa dariya.

Abin da ta rubuta a gefe ya fi lissafin ban sha'awa. Awa 9 na fizik ne: an yi wa malamin canjin wurin aiki zuwa kudu, ba a kawo wani ba sai ƙarshen wata. Awa 4 na kwamfuta: ɗakin a kulle, ba wuta, malamin ya ce ba zai zana linzami a allo ba. Awa 3 taron malamai. Awa 2 an tafi jana'iza, wannan kam ba mai cewa komai. Akwai kwana biyu a ƙarshen wata da ta rubuta "banki" kawai, duk wanda ya taɓa wucewa ta gaban bankuna ranar da albashi ya sauka ya san layin da take nufi. Sauran kuma ba dalili, fari fat. Akwai wuri ɗaya da ta rubuta da ƙananan baƙaƙe: "Ya zo, ya ba shugaban aji littafi ya kwafa mana a allo, ya fita." Ta sa masa rabin alama. Na yi dariya ni kaɗai, na ce wannan 'yar tela ce.

Su 96 ne a ajin. Bencin mutum uku, huɗu ke zama. Ku yi tunanin awa biyar a haka ba malami, rufin kwano a sama, surbeyan, mai kula da ladabin ɗalibai, yana yawo da bulala a baranda don kar a fita. Mai son karatu ma ba zai iya ba saboda hayaniya. Kafin 3:30 ta yi, ƙwaƙwalwa ta dahu. A lokacin ne za a fara lissafin da aka ce shi zai tsamo su.

Akwai wani malami da ke shan shayi a shagona, vakatar ne, wato ba gwamnati ce ta ɗauke shi ba, daga kuɗin APEE ake biyansa bisa awoyin da ya yi. Na nuna masa littafin. Ya daɗe yana juya shafi, sannan ya ce, "Maigida, duk gaskiya ne, amma ka ji nawa." Makaranta uku yake koyarwa, biyu masu zaman kansu, ɗaya ta gwamnati, don ɗaya ba ta ciyar da shi. In jadawali ya ci karo, wadda take cire kuɗi nan take in ka makara ita yake zuwa. Hutu in ya zo, daga Yuni har Satumba, ko dala ba ya gani. Ya ce awoyin yamman nan su ne kaɗai kuɗin da yake karɓa a hannu ƙarshen mako ba sai ya yi sintiri ba. "Ka ce in ƙi?"

Ban ce ya ƙi ba. Na san tarihin abin, a kanmu aka fara. A 1993 aka zabge albashin ma'aikata har sau biyu, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ina ƙaramin aji a lokacin, na ga malamanmu sun koma sayar da takardun darasi da yin repetisiyon, wato darasin ƙari na kuɗi, a gidajen masu hali. Daga nan karatu ya rabu biyu, na safe na kowa da kowa, na yamma na mai biya. Ko a Fabrairun 2022 da malamai suka ajiye alli a yajin aikin da aka kira OTS, abin da suke kuka a kai ke nan: mutum ya fito daga makarantar horon malamai, a turo shi aji, ya yi shekaru yana jiran lambar matirikil, wato lambar ma'aikacin gwamnati, da cikakken albashi. Yanzu muna da makarantar horon malamai a jami'ar Marwa da aka buɗe a 2008, ga jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, amma har yau malamin fizik in ya tafi sai a yi wata ana neman madadinsa. Ba na zagin malami. Abin da nake cewa shi ne, tsarin da muka ɗaga wa hannu ya sa awar yamma ta fi ta safe daraja a wurin mai koyarwa, tunda ita ce mai kuɗi a hannu. Mu da kanmu muka saka wa ramin taki.

Ramukan ba a cikin rana kaɗai suke ba, har a cikin shekara. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilun 1998 ta ce shekarar karatu aƙalla mako 36 ne na koyarwa ta haƙiƙa. Ni da nake ɗinka kayan fareti na fi kowa sanin inda makonnin ke tafiya. Makon farko na Satumba rajista da neman benci. Ranar malamai, 5 ga Oktoba. Hutun Kirsimeti. Da an shiga Fabrairu sai makon harsuna biyu, sai makon matasa, yara suna rana suna koyon maci saboda 11 ga wata. Ranar mata, 8 ga Maris, wadda ni ba zan kushe ta ba tunda atamfarta ke biya mini hayar shago. Wasannin makarantu na FENASSCO. Hutun Ista. Sai shirin faretin 20 ga Mayu, kuma kafin nan an riga an rufe maki, an fara jarrabawar motsa jiki. Ga gwajin aji da ake kira sekans sau shida a shekara, kowanne da kwanakin rubutawa da na gyara da na cika bulten, wato takardar sakamako. Ka zauna da kalanda ka cire waɗannan, ka ga abin da zai rage maka daga 36.

Yanzu in koma kan tambayar matar nan da aka yi wa dariya. Makarantar ba ta da wurin cin abinci. Mata ne ke zama a bakin ƙofa da makala da wake, da ƙosai, da zoɓo a leda. Ina ba Yaya dala ɗari kullum, wato sefa 500 ga masu lissafin boko. Kilando zuwa da dawowa ya cinye dala sittin. Dala arba'in da ta rage a da tana isa ta riƙe ciki zuwa 3:30. Yanzu ita ce za ta kai ta 5:30, awa 10 cur daga shigarta aji. Kuma ni ina cikin masu dama-dama. Ta gaya mini ƙawarta da ke zuwa a ƙafa daga bayan gari, kunun safe ne kaɗai a cikinta har dare, in an raba makala sai ta ce tana azumin nafila. Famfo ɗaya ne a makarantar. Bayin 'yan mata kuwa, uwarta ta ce mini kar in tambaya, in dai sani cewa akwai kwanakin da yarinya ba za ta iya awa 10 a wurin ba, sai ta ƙirƙiri ciwon kai.

Sai zafi. Wanda bai yi Maris da Afrilu a Garwa ba bai san rana ba. Ma'auni yana haura 40, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda. Ni a shago da fanka a kaina, in biyu ta yi allura zamewa take a hannuna. A shekarar nan ta 2025 kuma azumi ya faɗo a farkon Maris. Kwana na huɗu wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi a ajin su Yaya wajen ƙarfe huɗu, aka kwashe ta a babur. Washegari aka dakatar da na yamma har bayan salla, amma kuɗin watan an riga an karɓa. Ban bi ba. Jaka biyu ba za ta sa in yi sa-in-sa da mutum ina azumi ba.

Wanda bai yafe ba ita ce Hajiya, mahaifiyata. Ita lissafinta daban ne. Yaya tana zuwa Islamiyya bayan la'asar tun tana shekara shida, saura izu kaɗan ta sauke. Tsarin nan ya cinye mata Litinin da Talata da Alhamis, ya cinye safiyar Asabar da suke tilawa. Hajiya ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai, boko ya ci safiya mun yi shiru, ya ci azahar mun yi shiru. Yanzu la'asar ɗin ma ka miƙa masa? Da magariba 'ya mace take shigowa gida a bayan babur ɗin wanda ba ka sani ba?" Na ce, "Hajiya, na wata takwas ne." Ta ce, "Haka ka ce mini a kanka, sau biyu." Na sunkuyar da kai. Ta ƙara da abin da na fi tsoro: wai akwai masu tambaya, in karatun ya zama wahala a yi mata ɗaki. Waɗanda ke tsara awoyi a ofis ba su san cewa a gidajenmu kowace awa da aka ƙara wa 'ya mace a waje sai ubanta ya biya ta da baki a cikin gida ba. Ni na iya tarewa. Na san gida biyu da ba a iya ba.

Kar a fahimce ni a karkace. Maganar 10 bisa 20, ina bayanta. Na ga masu bak da suka zo koyon ɗinki ba su iya raba mita uku gida huɗu ba. Takardar da aka tsamo mutum da 8 aka ba shi, shi aka cuta, don jami'a ko gasar shiga aiki za ta tona shi. In an ce rabi, a tsaya a rabi. Amma wanda ya ɗaga igiyar tsalle, shi ke da alhakin share filin gudu. Ba a ce wa yaro dole ka kawo 10 a fizik, sannan a bar shi wata guda ba malamin fizik.

Furobatuwar ɗin kanta ce nake da ja a kanta, kuma na yarda akwai tsohon miki a ciki. Ƙasa ɗaya muke, amma ɗan tsarin Ingilishi yana rubuta jarrabawar GCE ta farko bayan shekara 5, ya yi shekara 2, ya rubuta ta biyu, ba mai tare shi a tsakiya. Shi ya sa Hausawa da Fulani da yawa da ko gaisuwa ba su iya da Ingilishi ba suke tura 'ya'yansu can. Dokar 1998 ɗin nan ma ta zana wa tsarin Faransanci shekara 5 da shekara 2 ne, a rufe da bak, amma har yau a kan takarda take. Maƙwabtanmu Chadi ba su da furobatuwar. Tun muna samari muka san hanyar: wanda ta kayar sau biyu sai ya bi ta Figil ya shiga Lere, ɗan Yagwa ya haye Logon zuwa Bongor, ɗan Kuseri ya taka gadar Ngeli ya shiga Njamena, ya zauna bak ɗin Chadi ya dawo da takarda. Abokina da muka faɗi tare a 1999 haka ya yi, yau ma'aikacin jinya ne, shi ke duba hawan jinin Hajiya. Ni kawuna ya ce ba shi da kuɗin mota. Jarrabawar da ake iya zagaye ta da kuɗin mota, ban san me take tacewa ba in ba aljihu ba.

A taron APEE na bayan salla na tafi da littafin awo a aljihun riga. Gabana yana faɗuwa, don ban saba magana a gaban masu takarda ba. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ni na fara ɗaga hannu a Oktoba, ina neman izinin sauke shi rabi." Na karanta lissafin, ban ambaci darasi ko mutum ba, jimla kawai: 132, 31. Wuri ya yi shiru. Sansar, wato mataimakin shugaban makaranta, ya ce wa ya ba ni waɗannan alƙaluma, na ce ni tela ne, aunawa sana'ata ce. Na roƙi abu uku. A liƙa takarda a ƙofar kowane aji, malami ya sa hannu in ya shigo, wakilin iyaye ya duba ranar Juma'a. Malamin da bai yi awarsa ta safe ba kar a biya shi ta yamma a makon. Sannan kuɗin da muke tarawa, a fara ɗaukar vakatar da shi a toshe darasin da ba malami, abin da ya rage a yi Asabar da safe lokacin da gari ke da sanyi, a saki yaran nan 3:30.

Matar nan mai tambayar abinci tana wurin, ita ta fara tafi. Alhaji mai babbar riga ya ce ana son a mayar da malamai 'yan firamare. Wani malami ya ce in iyaye za su zama sufeto to su zo su riƙe allin. Shugaban makaranta, in ba shi haƙƙinsa, bai yi fushi ba. Ya ce na farko akwai shi tuntuni, littafin aji ne, sai dai ba mai dubawa. Na biyu ya ce zai yi shawara. Na uku ya ce shekara ta riga ta yi nisa, a bari sai baɗi. Aka rage Alhamis, aka bar Litinin da Talata da Asabar. Aka yi addu'a aka watse. A bakin ƙofa abokina vakatar ya wuce ni bai yi mini magana ba, kwana tara bai zo shan shayi ba. Ranar da ya dawo ya kawo wandonsa a rage masa ƙugu, muka yi kamar ba a yi ba.

Yaya ta koma Islamiyya ranar Laraba da Alhamis da Lahadi, malaminsu ya yarda ta riƙa biya na Asabar da daddare a gaban uwarta. Na sayi fitila mai caji da hasken rana na rataye a ɗakinsu, na ƙara mata dala ashirin a kuɗin tara, na ce ta riƙa sayen makalar mutum biyu ba tare da ta ce komai ba. Saura mako bakwai jarrabawa. Jiya da daddare na zo ɗaukar littafin awo in rubuta kafaɗar wani ango, na tarar ba ta daina cikawa ba, har ta ƙara layi da kanta. Makon jiya guraben biyar ne. A gefen na ranar Talata ta rubuta: "Sabon malamin fizik ya zo da wuri, ya ci mana hutun tara." Ta sa masa alama ɗaya da rabi.